Zazzaɓin gaɓoɓi na yara: daga maƙoshi yake farawa, a zuciya yake ƙarewa

A ko'ina cikin ƙasar Hausa, daga Dogon Dutsi har zuwa Gure, duk ciwon da ya kama gwiwa, ko kwankwaso, ko wuyan hannu, suna guda ake ba shi, watau sanyi. Tsohon da gwiwarsa ke ƙara in zai tashi daga bisa buzu, sanyi ne. Matar da yatsunta ke ƙagewa da asuba har ta kasa riƙe taɓarya, sanyi ne. Yaron da ya kwana lafiya ya tashi da zazzaɓi da kumburarren idon sawu, shi ma sanyi ne ake cewa ya kama shi. Sai a nemo man shafawa da jiƙo, ko a kira wanzami ya yi ƙaho, a zauna ana jiran sauƙi.

Likitoci kuwa sun ƙidaya cututtuka fiye da 100 masu taɓa gaɓoɓi, kowace da mafarinta, kowace da maganinta. Wasu daga cikinsu a hankali suke tafiya, ana lallaɓa su shekara da shekaru. Amma akwai guda wadda ba ta jira, ita ce ta yaron nan da ya tashi da zazzaɓi. Likitoci masu aiki da faransanci suna taƙaita sunanta da haruffa uku, RAA; da Hausa kuwa ana iya kiranta zazzaɓin gaɓoɓi. Yara ƴan shekara 5 zuwa 15 ta fi kamawa. Abin da ya sa ta zama abin tsoro shi ne, ciwon gaɓar yana warkewa shi kaɗai cikin ƴan makonni, uwaye su yi hamdala, alhali cutar ta bar tabo cikin zuciyar yaron, tabon da sau da yawa ba ya bayyana sai bayan shekara 10 ko 20.

Wani babban lissafi da masana suka yi bisa shekara ta 2015 ya nuna mutum miliyon 33 ne a duniya ke ɗauke da ciwon zuciyar da wannan cuta ta haddasa, kuma ya kashe kimanin mutum dubu 319 a shekarar kaɗai. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, da kudancin Asiya, da tsibiran tekun Pasifik ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa. Ga shi kuwa allura guda da aka yi kan lokaci tana iya tare hanyar cutar tun daga bakin ƙofa.

MAFARIN CUTAR

Ciwon maƙoshi shi ne mafari. Galibin ciwon maƙoshin yara na mura ne, yana zuwa ya wuce ba tare da ya bar kome ba. Amma cikin yara 10 masu ciwon maƙoshi, 2 zuwa 3 wata ƙwayar cuta ce daban ta kama su, wadda ake kira sitireptokok mai lamba A. Tana bin tari da atishawa da yawu daga wani zuwa wani, don haka ta fi yaɗuwa inda yara da yawa ke kwana ɗaki guda, ko cikin aji mai cunkoso, ko zauren almajirai, musamman lokacin ɗari da hunturu da ake rufe ƙofa da taga.

In ƙwayar ta shiga, jiki yana tada dakarunsa na cikin jini su yaƙe ta, kuma galibi suna cin nasara, maƙoshi ya warke cikin kwana 3 zuwa 5 ko da ba a sha kome ba. Sai dai rigar wannan ƙwayar cuta tana kama da wasu sassan jikin ɗan Adam, watau naman zuciya, da shimfiɗar cikin gaɓoɓi, da wani yanki na ƙwaƙwalwa. Ga wasu yara, dakarun nan ba su iya bambanta baƙo da ɗan gida. Bayan sun gama da ƙwayar cutar, sai su juya bisa jikin da ya tada su. Wannan juyi shi ne zazzaɓin gaɓoɓi, kuma yana fitowa mako 2 zuwa 3 bayan ciwon maƙoshin, lokacin da kowa ya riga ya manta da shi. Ke nan ciwon maƙoshin ne ake ɗauka daga wani. Zazzaɓin gaɓoɓi shi kansa ba a ɗaukarsa. Binciken da aka yi a Ostareliya da Niyu Zilan ya kuma ɗora zargi bisa ƙurajen fata masu mugunya, irin waɗanda ke biyo bayan ƙazuwa, domin ƙwayar cutar guda ce ke zama cikinsu.

Zuciya gida ce mai ɗaki 4 da ƙofa 4. Kowace ƙofa tana da ƙyauren da ke buɗewa jini ya wuce, sannan ya rufe don kada jinin ya komo baya. Ƙofar da cutar ta fi kai ma hari ita ce ta ɓangaren hagu, wadda jinin da ya fito daga huhu ke ratsawa, ana kiranta mitiral. Ta biyunta ita ce ta bakin babbar jijiyar da ke raba jini ga dukan jiki. Ƙyauren yana kumbura, in ya warke sai ya yi tabo ya taƙure. Daga nan ko dai ya kasa rufewa da kyau, jini ya riƙa yoyo baya, ko ya manne ya ƙuntata hanya. Yaron da cutar ta taɓa kamawa sau guda yana da saurin sake kamuwa duk lokacin da ƙwayar ta komo maƙoshinsa, kuma kowane sabon tashi yana ƙara tabo bisa tabo.

YADDA AKA GANO TA

Wani likitan Faransa, Jean-Baptiste Bouillaud, shi ne ya nuna a shekara ta 1836 cewa wannan ciwon gaɓoɓi da ciwon zuciya tafiyarsu guda, shi ya sa har yanzu wasu littattafan faransanci ke kiran cutar da sunansa. A 1933 wata masaniya ƴar Amurka, Rebecca Lancefield, ta rarraba ƙwayoyin sitireptokok gida-gida, daga nan aka samu lambar A. A 1944 wani likitan Amurka, Duckett Jones, ya tsara jerin alamomin da ake gane cutar da su. An yi ta gyara wannan jeri, gyara na baya-bayan nan shi ne na 2015, kuma da shi likitocin duniya ke aiki.

Hujjar rigakafi kuwa daga barikin soja ta fito. A 1950 aka bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi a wani sansanin sojan sama na jahar Wayomin ta Amurka. Sojoji kimanin 800 masu ciwon maƙoshi aka yi ma allurar fenisilin, wasu kimanin 800 ba a yi masu ba. Cikin na farko mutum 2 suka kamu da zazzaɓin gaɓoɓi, cikin na biyu mutum 17. Daga baya aka tabbatar cewa maganin yana karewa muddin aka fara shi cikin kwana 9 da farawar ciwon maƙoshi.

ALAMOMIN DA LIKITA KE NEMA

Babu awon jini guda da zai ce ga cutar nan. Ido da kunne da tambaya su ne kayan aikin likita, sai ya haɗa alamomi ya yanke hukunci. Manyan alamomi 5 ne.

Ta farko ita ce ciwon gaɓa mai yawo. Manyan gaɓoɓi yake kamawa: gwiwa, idon sawu, gwiwar hannu, wuyan hannu. Gaɓar tana kumbura ta yi zafi, yaro ba ya yarda a taɓa ta, wani ma ko zane ba ya so ya goge ta. Bayan ƴan kwanaki sai ta lafa, wata ta ɗauka: yau gwiwar dama, jibi idon sawun hagu. Wannan yawo shi ne babban tambarin cutar.

Ta biyu ita ce kumburin zuciya, wanda ke samun rabin yaran ko fiye a tashin farko. Zuciya tana bugawa da sauri ko yaro na barci. In likita ya ɗora abin sauraro bisa ƙirji, sai ya ji wani huci tare da bugun, watau ƙarar jinin da ke yoyo ta ƙyauren da bai rufe ba. In abin ya yi tsanani yaro yana haki, ba ya iya kwanciya sai an tokare shi da matashi, ƙafafunsa su kumbura.

Ta uku ita ce motsin jiki wanda ba da nufi ba. Hannu da ƙafa da fuska suna fizga, kwano yana suɓuce ma yarinya, rubutunta ya ɓaci bisa allo ko littafi, ta riƙa kuka ko dariya ba dalili; in ta yi barci sai motsin ya tsaya. Ya fi samun ƴan mata, kuma yana iya jinkiri har wata 6 bayan ciwon maƙoshin. Likitan Ingila Thomas Sydenham ya bayyana shi tun 1686. A ƙauyuka da birane sau da yawa iskoki ake zargi, wani lokaci ma a doki yarinyar ana cewa iskanci take yi. Wannan alama ita kaɗai ta isa likita ya ce zazzaɓin gaɓoɓi ne, in ya kawar da sauran dalilai.

Ta huɗu da ta biyar ba su cika fitowa ba: wasu ƙananan ƙulli marasa zafi a ƙarƙashin fata, bisa gwiwar hannu ko ƙeya ko gadon baya, da wani zane mai zagaye bisa ƙirji da ciki wanda ba ya ƙaiƙayi, mai wuyar gani bisa baƙar fata.

Akwai kuma ƙananan alamomi: zazzaɓin da ya kai digiri 38, da ciwon gaɓa ba tare da kumburi ba, da awon jinin da ke nuna kumburi cikin jiki, wanda ake kira VS ko CRP, da wani jinkiri da ake gani bisa takardar awon bugun zuciya. Ƙa'idar ita ce manya 2, ko babba 1 da ƙanana 2, tare da shaidar cewa ƙwayar ta ratsa jiki kwanan baya, wadda awon jini mai suna ASLO ke bayarwa. Kusan yaro 1 cikin 3 ba ya tuna ya yi ciwon maƙoshi, don haka rashin wannan labari ba ya wanke shi.

Gyaran 2015 ya kawo abu 2 masu amfani ga ƙasashe irin Nijar. Na farko, inda cutar ta yi yawa, ko gaɓa guda ce ta kumbura ana lissafa ta cikin manyan alamomi. Dalili kuwa shi ne yara da yawa suna isa gidan likita bayan an ba su ƙwayoyin kashe zafi da aka saya wurin ƴan tebur, waɗanda ke tsaida yawon ciwon su ɓoye tambarinsa. Na biyu, an yarda da hoton zuciya na eko, wanda ke nuna ƙyamaren zuciya suna motsi, ko da kunne bai ji huci ba. Wani bincike da aka bayyana a 2007 bisa ƴan makarantar Mozambik da Kambodiya ya nuna eko yana gano masu tabon zuciya kusan ninki 10 na waɗanda kunne ke ganowa. Ke nan duk yaron da ake zargi, ko ƙirjinsa shiru, ya kamata a tura shi inda ake wannan hoto, kamar manyan asibitocin Yamai da Maraɗi da Damagaram. A jagoran da hukumar lafiya ta duniya OMS ta fitar a 2024, ta amince a yi aiki da ƙananan na'urorin eko na hannu inda babu manya.

CUTUTTUKAN DA KE KAMA DA ITA

Kafin majo, watau shugaban gidan likita, ya rubuta sunan cutar cikin karne, tilas ya kawar da wasu. Mafi gaggawa ita ce mugunya cikin gaɓa. Nan gaɓa guda ce ke kumbura ta tsaya wuri guda, zazzaɓi ya yi tsanani, yaro ya ƙi taka ƙafa sam. Ana zuƙo ruwan gaɓar da allura a duba, kuma in an yi jinkiri na ƴan kwanaki gaɓar tana lalacewa har abada. Gaɓa guda mai zafi, mugunya ake fara zato har sai an tabbatar babu ita.

Ta biyu ita ce amosanin jini. Shi tun yaro yana jariri ake ganin alamarsa, da kumburin bayan hannu da na ƙafa, da rashin jini, da idanu masu ɗorawa. Ciwonsa cikin ƙashi yake, kuma yana komowa lokaci lokaci. Awon jini yana raba gardama, kuma akwai cibiyar ƙasa mai kula da shi a Yamai. Ta uku ita ce zazzaɓin cizon sauro. Lokacin damina awon yatsa yana nuna shi ga yara da yawa, sai a ba da maganinsa a sallami yaro. Amma zazzaɓin cizon sauro ba ya kumbura gwiwa. Yaro yana iya ɗauke da cuta 2 lokaci guda, don haka in awo ya nuna sauro kuma ga gaɓa kumbure, aikin bai ƙare ba. Kumburin da ya wuce mako 6 wuri guda kuwa wata cuta ce daban, ko tarin fuka da ya sauka cikin ƙashi, ko wani amosanin gaɓoɓi mai daɗewa na yara.

Ga manya lissafin ya sha bamban. Matar nan mai ƙagewar yatsu a hannu 2 duka, wadda ke ɗaukar awa guda da safe kafin su saki, tana bukatar a duba ta da sauri, domin akwai magungunan da ke hana yatsun karkacewa in an fara su cikin watannin farko. Magidancin da babban yatsan ƙafarsa ya tashe shi cikin dare da zafi kamar wuta, wani gishiri ne ya taru cikin gaɓar, shi ma da maganinsa. Tsohon da gwiwarsa ke ciwo in ya yi tafiya ta lafa in ya huta, guntsin gaɓar ne ya cinye. Babu ɗaya cikin waɗannan da sanyin iska ko wanka da ruwan randa ke kawowa.

MAGANI IN CUTAR TA TASHI

Yaron da ake zargi ya fi kyau a kwantar da shi asibiti. Kafin a tabbatar da cutar, farasetamol ake ba shi don zafi, saboda shi ba ya ɓoye alamomi. In an tabbatar, ana yi mashi allurar fenisilin mai daɗewa cikin jiki, ko da maƙoshinsa ya warke, don a share abin da ya saura na ƙwayar. Sannan a ba shi asfirin ko wani ɗan'uwansa bisa awon nauyinsa. Gaɓoɓin suna saki cikin kwana 2 zuwa 3, har uwaye su yi mamaki. In ba su saki ba, sai likita ya sake tunani, wataƙila wata cuta ce. Sai dai asfirin gaɓa yake kwantarwa, ba ya hana tabon zuciya.

In zuciya ta kumbura, hutu ya zama tilas: ba ɗaukar ruwa, ba daka, ba bin dabbobi, ba ƙwallo, har sai likita ya ba da izini. In ta gaza, ana ba da maganin fitsari don rage ruwan jiki, a rage gishiri, a bar kanwa. Magungunan kortizon babban likita ne kaɗai ke yanke shawarar bayar da su, ga mai tsananin kumburin zuciya. Motsin jikin nan kuwa yana wucewa cikin makonni ko watanni. Abin da yarinya ke bukata shi ne wuri mai natsuwa da haƙurin uwaye, kuma akwai magungunan da ke rage shi in ya hana ta ci ko tafiya.

ALLURAR KOWANE MAKO HUƊU

Ranar da aka sallami yaro daga asibiti, ranar ce babban aiki ke farawa. Tun da kowane sabon ciwon maƙoshi yana iya tada cutar, dabarar ita ce kada jininsa ya rabu da fenisilin. Ana yin haka da allurar benzatin fenisilin, wadda mutane da yawa suka sani da sunan Extencilline, sau guda kowane kwana 28, watau allura 13 a shekara. Ga wasu likita yana maida ita kwana 21. Ƙaramin yaro ma'auni dubu 600 ake yi mashi, wanda ya kai wajen kilo 30 kuwa miliyon 1 da dubu 200. Akwai ƙwayoyin sha ga wanda ba a iya yi ma allura, amma allurar ta fi su kariya, ga shi ana mantuwa da ƙwaya. Abin farin ciki, shekara fiye da 70 ana yaƙar wannan ƙwayar cuta da fenisilin, ba ta koyi gagarar shi ba.

Tsawon lokacin ya danganta da halin zuciya. Bisa ƙa'idar likitocin zuciya na Amurka, wanda zuciyarsa ba ta taɓu ba zai yi shekara 5 ko har ya kai shekara 21, wanda duk ya fi tsawo. Wanda ta kumbura ta warke ba tabo, shekara 10 ko har 21. Wanda ya saura da tabo, shekara 10 ko har 40, wani ma iyakar ransa.

Nan ne ake yawan faɗuwa. Yaro ya ji sauƙi, allura tana da zafi, gidan likita yana da nisa, ga aikin gona, sai a tsallake wata guda, sannan 2, sannan a bari. Kwanakin da suka wuce 28 kuwa kwanaki ne da ƙofa ke buɗe. Shi ya sa kowane gidan likita ya kamata ya riƙe littafi na musamman da sunayen waɗannan yara da ranar allurarsu, in guda bai zo ba a aika a nemo shi. Ga mutanen karkara, lissafi mafi sauƙi shi ne na kasuwar mako: a bar kasuwa 3 su wuce, ta huɗu ranar allura ce.

Ita ma allurar da ladubbanta. Cikin tsoka ake yinta, can ciki, a hankali, ba a taɓa sa ta cikin jijiya. Ana iya haɗa ta da maganin kashe zafi na lidokayin. Yaro ya ci abinci ya sha ruwa kafin ya zo, a yi mashi yana kwance, ya dakata kamar rabin awa kafin ya tafi, kuma adirenalin ya kasance kusa saboda ƴan kaɗan da jikinsu ba ya karɓar fenisilin. A 2022 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ja hankali cewa mai tsananin lalacewar ƙofar zuciya yana iya suma mai haɗari saboda zafin allura da tsoro, don haka irin wannan likitan zuciya ne zai zaɓa mashi tsakanin allura da ƙwaya.

Amfanin wannan wahala ya fito fili a Yuganda. A wani gwaji da aka bayyana a 2021, an bi yara kimanin 800 waɗanda eko ya nuna tabo ya fara kama zuciyarsu ba su sani ba. Rabi ana yi masu allura kowane mako 4, rabi ba a yi. Bayan shekara 2, tabon ya ƙaru ga yara 3 cikin masu allura, ga 33 cikin marasa ita.

IN ZUCIYA TA RIGA TA LALACE

Wanda ba a gano ba, ko wanda ya bar allura, yana komowa asibiti yana saurayi ko tana amarya, da haki da kumburi da tari cikin dare. Wani binciken da ya bi marasa lafiya 3.343 a ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yaman ya nuna rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, kashi 2 cikin 3 mata ne, kuma cikin shekara 2 kusan 17 bisa 100 sun rasu. A 2016 aka bayyana wannan sakamako. Zuciyar da ta buɗe tana rikita bugunta, jini ya daskare cikinta, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jikin mai shekara 25. Ruɓaɓɓen haƙori ma yana iya tura ƙwayoyin cuta su zauna bisa ƙyauren da ya yi tabo, don haka tsabtar baki wajibi ce gare su.

Ga mata, ciki shi ne babban gwaji. Jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabi, kuma ƙuntatacciyar ƙofa ba ta iya wuce da shi, sai ruwa ya taru cikin huhu a watannin ƙarshe ko wajen haifuwa. Yarinyar da aka san tana da tabo, a gaya ma likita kafin ta ɗauki ciki, ta riƙa zuwa awo, ta haifu a babban asibiti. Allurarta ba ta cutar da ɗan cikin, ba a tsaida ita.

In ƙofa ta lalace ƙwarai, sai aikin tiyata, a gyara ta ko a musanya ta. Aiki ne mai tsada da ƙarancin wuraren yi. A 2007 wata ƙungiyar Italiya mai suna Emergency ta buɗe asibitin Salam kusa da Hartum don yin shi kyauta, marasa lafiya suka riƙa zuwa daga ƙasashe da dama. Wanda aka sa ma ƙofar ƙarfe kuwa zai sha maganin tsinka jini iyakar ransa, yana zuwa awon jini a kai a kai. Kuɗin aiki guda ya isa sayen allurar yara masu ɗimbin yawa.

A TARE TA TUN DAGA MAƘOSHI

Rigakafi ya fi magani. Ciwon maƙoshin da ake tsoro yana da kamanninsa: zazzaɓi ya taso farat ɗaya, haɗiya ta yi zafi, kaluluwa ta fito ƙarƙashin muƙamuƙi, tsokoki 2 da ke gefe da gefe can cikin maƙoshi su kumbura su yi ja, wani lokaci da farin mugunya bisansu, kuma babu tari babu majina. Yaro mai shekara 5 zuwa 15 da ya nuna haka, gidan likita za a kai shi cikin kwana 1 ko 2. Maganinsa allura guda ta benzatin fenisilin, ko amoksisilin na kwana 10 cif. Ƙwaya 4 da aka saya a kasuwa aka sha kwana 2 tana kwantar da zafi, ba ta kashe ƙwayar cutar. Wanda jikinsa ba ya karɓar fenisilin, akwai wasu magunguna dominsa.

A wurare da yawa, in yaro ya yi ta ciwon maƙoshi, hakin wuya ake zargi, sai a kai shi wurin wanzami a cire beli. Cire beli ba ya taɓa ƙwayar cutar, domin ba can kaɗai take zaune ba. Ga haɗarin zubar jini da shigar wata cuta ta ƙarfen aiki, ga kuma kwanakin nan 9 suna ƙarewa ana jinyar rauni. Wanzamai mutane ne da jama'a ta yarda da su, kuma su ne ke fara leƙa maƙoshin yara da yawa. Wanzamin da ya san kamannin wannan ciwo ya ce ma uban yaro ya wuce gidan likita, ya yi aikin da ya fi na askarsa.

Akwai kuma batun kuɗi. Tsarin magani kyauta da gwamnatin Nijar ta kafa a 2006 yara ƴan ƙasa da shekara 5 ya shafa, zazzaɓin gaɓoɓi kuwa daga shekara 5 yake fara kamu. Ke nan lokacin da uba ya fara lissafi kafin ya kai yaro likita, lokacin ne maƙoshin yaron ya fi bukatar a duba shi.

Ƙasashen Turai da Amurka sun kusa rabuwa da cutar tun ƙarni na 20, saboda gidaje sun faɗaɗa kuma fenisilin ya wadata. Amma ba sai an yi arziki ake rage ta ba. A tsibiran Martinik da Gwadalup, wani shiri na shekara 10 da aka fara a 1981, wanda ya ƙunshi littafin sunaye da horon ma'aikatan likita da faɗakar da uwaye, ya rage sabbin kamuwa da kusan kashi 3 cikin 4. Lardin Pinar del Riyo na ƙasar Kuba ya bi irin wannan hanya daga 1986 zuwa 1996, shi ma ya ga amfaninta. A 2018 babban taron OMS ya zartar da ƙuduri yana kiran ƙasashe su sa wannan cuta cikin manyan ayyukansu na kiyon lafiya.

Aikin na kowa ne. Ma'aikacin likita ya buɗe bakin duk yaron da ya zo da zazzaɓi, ya saurari ƙirjin duk wanda ya zo da ciwon gaɓa, ya tambaya ko ciwon ya yi yawo. Mushen makaranta da malamin allo su lura da yaron da ke ɗingishi, da yarinyar da rubutunta ya ɓaci ba dalili. Masu kula da magunguna su tabbata benzatin fenisilin bai yanke ba a ƙananan gidajen likita. Sarakuna da limamai da ƙungiyoyin mata su isar da maganar inda jarida ba ta kaiwa. Uwaye kuwa, in gwiwar yaro ta kumbura da zazzaɓi, kada a tsaya ga sunan sanyi. A kai shi a duba, in an rubuta mashi allura a riƙe ranarta, har likita ya ce ta isa. Allah ya ƙara ma kowa lafiya.